Abdu Mumuni Joffo, malamin da ya sa rana aiki

1. Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Abdu Mumuni Joffo ran 26 ga watan Yuni na shekarar 1929 a Tasawa, tsakanin Maraɗi da Damagaram. A takardun faransanci ana rubuta sunansa Abdou Moumouni Dioffo. Asalin iyayensa Zabarmawa ne, mutanen Kirtashi, wani gari da ke bakin kogi, kudu da Yamai.

A lokacin nan ƙasar Nijar tana hannun Nasara. Shekara uku ke nan da suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka mai da shi Yamai. Kumandan ne ke da iko a kan kowa. Talakawa suna biyan haraji, ana kuma kama su aikin dole. Makarantun boko kaɗan ne ƙwarai, iyaye da yawa kuwa ba su yarda da su ba. In aka zo ɗaukar yara, wasu sai su ɓoye nasu a rumbu ko a daji.

Abdu Mumuni ya fara karatu a Damagaram. A aji ba a magana sai da faransanci. Yaro ya zo daga gida da hausa ko barbarci ko zabarmanci, amma da ya shiga aji sai a ce ya ajiye harshensa a ƙofa. A makarantu da yawa na wannan zamani akwai wani abu da ake kira sambol, guntun itace ne ko ƙashi. Yaron da aka ji yana magana da harshen gidansu, shi ake rataya wa. Wanda sambol ya wuni a wuyansa yakan sha horo. Saboda haka yara da yawa sukan haddace karatu ba tare da sun gane ma'anarsa ba, su gaji, su gudu.

Abdu Mumuni ya daure, ya yi fice. Da ya ƙare a Damagaram, aka kai shi makarantar gaba da firamare a Yamai. Ita kaɗai ce irinta a duk faɗin ƙasa.

2. Daga Yamai zuwa Dakar da Faris

A shekarar 1944, ana cikin yaƙin duniya na biyu, ya shiga makarantar Wiliyam Ponti a Sebikotan, kusa da Dakar, a ƙasar Senegal. Shekarunsa 15. Dakar ita ce babban birnin ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulki. Wiliyam Ponti kuwa ita ce makarantar da ta fi kowace daraja a cikinsu. Nan ake horar da malaman makaranta da akawuna da masu shirin zama likitoci. Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari duk nan suka yi karatu kafinsa. Haka ma Modibo Kaita na ƙasar Mali.

Yawancin waɗanda suka ƙare wannan makaranta sukan koma gida su kama aiki. Nan ne iyakar karatun yawancin baƙar fata a lokacin. Amma bayan yaƙi abubuwa suka fara sakewa. A shekarar 1946 aka soke aikin dole, aka kuma buɗe wa ƴan Afirka kaɗan hanyar karatu mai zurfi. Abdu Mumuni ya bar Wiliyam Ponti a 1948, ya shiga babbar lise ta Dakar. Daga 1949 zuwa 1951 yana lise San-Luwi a birnin Faris, inda ake shirya ɗalibai masu ƙarfin lissafi. Daga nan ya wuce jami'a.

Fannin da ya zaɓa shi ne fizik. Fizik ilimi ne da ke binciken haske da zafi da lantarki da nauyi da motsin abubuwa. Shi ke bayyana dalilin da ya sa dutse ke faɗowa ƙasa, da dalilin da ya sa ruwan randa ke yin sanyi. Abdu Mumuni ya sami digirinsa na farko a 1953, ya sami na biyu a 1954.

A shekarar 1956 ya shiga wata jarrabawa mai wuya da ake kira agregasiyon. Gasa ce: mutane da yawa ke shiga, kaɗan ake ɗauka, su ne ke koyarwa a manyan azuzuwa. Ya ci. Shi ne baƙar fata na farko daga ƙasashen Afirka da Faransa ke mulki da ya ci ta a fannin fizik. Shekarunsa 27. A wannan shekara kuma Jozef Ki-Zerbo, mutumin ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu, ya ci ta a fannin tarihi.

Ba karatu kaɗai ya yi a Faransa ba. A ƙarshen shekarar 1950 ɗaliban Afirka suka kafa babbar ƙungiyarsu mai suna FEANF, yana cikin waɗanda suka kafa ta. Da farko maganar abinci da wurin kwana da kuɗin karatu suke yi. Daga baya suka fito fili suna neman ƴancin ƙasashensu. A 1957 kuma aka kafa jam'iyyar PAI a Senegal, mai neman ƴancin kai ba tare da jinkiri ba. Nan ma yana cikin mutanen farko.

3. Kiran Gine

Da ya ƙare karatu sai ya komo Afirka. Ya fara koyarwa a lisen Dakar, inda dā ya zauna a kan benci. Albashi mai kyau ne, aikin kuma tabbatacce ne, gama gwamnatin Faransa ce ta ɗauke shi.

Ran 28 ga Satumba 1958 Janar Digol ya sa aka yi ƙuri'a a ƙasashen da Faransa ke mulki. Wanda ya ce i, zai zauna cikin tarayya da Faransa. Wanda ya ce a'a, zai sami ƴanci nan take, amma Faransa za ta janye taimakonta. A Nijar Jibo Bakari ya nemi a ce a'a, amma masu i suka rinjaya. Ƙasa ɗaya tak ta ce a'a, ita ce Gine, a ƙarƙashin Seku Ture. Ran 2 ga Oktoba ta zama ƴantacciyar ƙasa.

Faransa ta yi fushi. Cikin ƴan watanni ta kwashe ma'aikatanta: likitoci, injiniyoyi, akawuna, malaman makaranta. Azuzuwa suka cika da yara, ba mai koya musu. Gine ta yi kira ga ƴan Afirka masu ilimi su zo su taimaka. Amsa wannan kira ba abin wasa ba ne, don wanda ya tafi ya saɓa wa gwamnatin da ke biyansa, ya kuma sa aikinsa cikin haɗari. Duk da haka wasu suka tafi. Abdu Mumuni yana cikinsu, Ki-Zerbo ma haka. Ya koyar a lisen Donka a birnin Konakiri.

Bayan Konakiri ya zo ya koyar a kwalejin Yamai. Ran 3 ga Agusta 1960 Nijar ta sami ƴancin kanta, Jori Hamani ya zama shugaban ƙasa. A lokacin, cikin yara 100 da suka isa shiga makaranta, waɗanda ke aji ba su kai 5 ba.

4. Littafinsa a kan tarbiyya

Abdu Mumuni ya ga makaranta ta ciki da waje: ya yi ɗalibi, ya yi malami, a ƙasashe dabam-dabam. Sai ya zauna ya rubuta abin da ya gani. Littafin ya fito a Faris a shekarar 1964, sunansa L'Éducation en Afrique, wato tarbiyya a Afirka. A 1968 aka fassara shi da ingilishi.

Ya fara da tarbiyyar gargajiya. Ya nuna cewa tun kafin zuwan Nasara mutanen Afirka suna da hanyarsu ta reno. Yaro na kowa ne: uwa da uba da kawu da maƙwabci duk suna iya kwaɓarsa. Yana koyo ne cikin aiki. Ɗan manomi ya bi ubansa gona, ɗan maƙeri ya zauna wajen zugazugi, yarinya ta koyi daka da kaɗi wurin uwarta. Da dare tatsuniya da kacici-kacici su buɗe masa basira. Kowane mataki na shekaru da abin da ake koya masa.

Sa'an nan ya juya kan makarantar Nasara. Ya bayyana cewa ba don ilimantar da jama'a duka aka kafa ta ba. An kafa ta ne don a sami ƴan tsirarun mataimaka: tafintoci, akawuna, malamai, masu allura. Tana koya wa yaro tarihin wata ƙasa, tana raina nasa. Tana raba shi da gona da sana'a, har ya ga aikin hannu ƙasƙanci ne. Ya kuma yi gargaɗi cewa ƴancin kai bai sake wannan makaranta ba: an sake tuta, amma littattafai da harshe da manufa suna nan yadda suke.

A ƙarshe ya kawo shawarwari. A buɗe makaranta ga kowa, maza da mata, birni da ƙauye. A koya wa manya karatu da rubutu. A haɗa karatu da aikin hannu. A ba kimiyya da fasaha muhimmanci. Babbar shawararsa ita ce a koyar da yara cikin harsunansu. Dalilinsa a fili yake: yaron da ke fama da baƙon harshe da sabon darasi a lokaci guda, kaya biyu ya ɗauka. In aka fara da harshen da ya sha a nono, zai gane lissafi da sauri, zai iya tambaya, zai iya ba da amsa. Daga baya ya koyi baƙon harshe a kan tushe mai ƙarfi.

Mutane da yawa ba su yarda ba. Wasu suka ce harsunan Afirka ba su da kalmomin kimiyya. Wasu suka ce za su raba kan ƙasa. Amma wanda ya kawo maganar masanin kimiyya ne, ya kuma ci jarrabawar Faransa mafi wuya. Ba mai iya cewa don ya kasa faransanci ne ya faɗi haka.

Sannu a hankali maganar ta sami ƙafa. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita rubutun wasu harsuna, har da hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, ana koyarwa da hausa da faransanci. Daga baya aka buɗe wasu da zabarmanci da fulatanci da barbarci da tamajak. A 1998 dokar ilimi ta Nijar ta sa harsunan ƙasa cikin harsunan koyarwa. Mutane da yawa ne suka yi wannan aiki, amma littafin Abdu Mumuni yana cikin waɗanda suka share hanya.

5. Neman sirrin rana

Tun yana koyarwa yake tunanin wani abu. Ƙasashen Turai sun ci gaba ne da gawayin ƙasa da man fetur da lantarki. Ƙasashen Sahel kuwa matalauta ne. A lokacin, mai daga waje ake sayo shi, a kawo shi daga bakin teku, tafiyar fiye da kilomita 1000. Girki da itace ake yi. Ruwa da guga ake jawo shi. Amma akwai abin da Allah ya hore wa waɗannan ƙasashe, ba saye ba aro: rana.

Tsakanin rana da duniya akwai kilomita wajen miliyan 150. Haskenta yana isowa cikin minti 8 da ƴan daƙiƙoƙi. Da tsakar rana, in sama ta yi garau, fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya yana samun ƙarfin da ya kai wat 1000. Wannan ya yi daidai da ƙarfin dutsen guga na lantarki. A Nijar kuwa kusan kullum akwai rana. Tambayar ita ce: ƙaƙa za a kama wannan ƙarfi a sa shi aiki?

Don neman amsa, daga 1962 zuwa 1964 ya zauna a Tarayyar Sobiyat, yana nazarin ƙarfin rana tare da masanan ƙasar. A 1964 ya tafi Mali, zamanin Modibo Kaita. Ya kafa ɗakin binciken ƙarfin rana a Bamako, ya shugabance shi har 1969, yana kuma koyarwa a babbar makarantar horon malamai. A 1967 ya sami digirin dakta mafi girma a jami'ar Faris. Bincikensa a kan madubai ne masu zurfi kamar ƙwarya, masu tattara hasken rana wuri guda.

6. Shekara 16 a ONERSOL

A 1965 gwamnatin Nijar ta kafa ofishin ƙarfin rana, wanda ake kira ONERSOL. A 1969 Abdu Mumuni ya komo gida, aka ba shi shugabancin ofishin. Ya riƙe shi har 1985. Shi da abokan aikinsa, injiniyoyi da maƙera da masu walda, suka yi ta gwaji suna ƙera kayayyaki. Ga kaɗan daga cikinsu da yadda suke aiki.

Na farko, abin zafafa ruwa. Akwati ne mai faɗi, an shafe cikinsa da baƙin fenti, an shimfiɗa bututu, an rufe da gilashi. Baƙin abu ya fi fari shan zafi. Gilashi yana barin haske ya shiga, amma yana tsare zafi. Ruwan da ke cikin bututu ya yi zafi. Ruwan zafi ya fi na sanyi sauƙin nauyi, saboda haka sai ya hau da kansa zuwa tankin da ke sama, na sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Ba itace, ba lantarki. Wannan shi ne abin da ofishin ya fi ƙerawa, aka kafa shi a gidaje da manyan gine-gine.

Na biyu, murhun rana. Babban faranti ne mai zurfi, mai ƙyalli kamar madubi. In aka fuskantar da shi rana, duk hasken da ya faɗa masa sai ya taru wuri guda. Nan ake ɗora tukunya. Zafin wurin ya isa ya tafasa ruwa, ya kuma kunna itace.

Na uku, abin tace ruwa. Kwano ne mai faɗi, baƙi, an kife masa gilashi a karkace. Rana ta sa ruwa ya tashi ya zama tururi. Tururi ya taɓa gilashi ya koma ɗigo, ya gangara cikin wani mazubi. Gishiri da kanwa da datti su tsaya a kwano. Irin wannan ruwa asibitoci ke bukata, shi kuma ake zuba wa batirin mota.

Na huɗu, abin shanya. Iska mai zafi ce ke ratsa kayan da aka jera a ciki. Suna bushewa da sauri, ba ƙura, ba ƙuda.

Na biyar, injin rana. Zafin rana yana dafa wani ruwa na musamman har ya zama tururi. Tururin yana tura inji, inji ya juya famfo, famfo ya jawo ruwa daga rijiya. Abdu Mumuni ya daɗe yana aiki a kan wannan inji, don ya san ruwa shi ne babbar matsalar ƙauyuka.

7. Shekarun fari

Aikin nan ya zo daidai da wani mugun lokaci. Daga 1968 ruwan sama ya yi ta raguwa a Sahel. A 1973 fari ya kai matuƙa. Rijiyoyi suka ƙafe, hatsi ya ƙare, dabbobi suka mutu garke-garke. Mutane suka bar garuruwansu suka nufi birane. A wannan shekara kuma kuɗin man fetur ya tashi a duniya duka. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka karɓi mulki, Saini Kunce ya zama shugaban ƙasa. A 1984 fari ya sake komowa.

Birane suna girma, kowane gida yana bukatar itacen girki. Masu jakuna da raƙuma da manyan motoci suna ta saran daji. Inda aka sare itatuwa, iska takan kwashe ƙasa, rairayi ya rufe gonaki. Mata a ƙauye sukan yi tafiya mai nisa kafin su sami dami ɗaya. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taro a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Abin da Abdu Mumuni ya daɗe yana nunawa ya fito fili: duk tukunyar ruwan da rana ta zafafa, wani reshe ne ya tsira a daji.

Amma aikin bai tafi yadda ake so ba. Ƙarfe da gilashi daga waje ake sayo su, saboda haka kayan suka yi wa talaka tsada. Itace kuwa a ƙauye kyauta ne. Murhun rana yana bukatar a tsaya cikin rana, a riƙa juya shi yana bin ta, ga shi mata sun saba girki a inuwa, tuwon dare kuma da marece ake tuƙa shi. Lokacin hunturu ƙura takan rufe madubi. Kuɗin bincike ma ba ya isa. Saboda haka yawancin kayan ba su kai ƙauyuka da yawa ba. Daga nan masu bincike suka koyi darasi: kafin a ƙera abu, sai a tambayi wadda za ta yi aiki da shi.

8. Shugaban jami'a

A 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a. Kafin nan duk ɗan Nijar da ke son digiri sai ya fita waje. Shugabanta na farko shi ne Bubakar Ba, masanin lissafi. Daga 1975 Abdu Mumuni yana koyar da fizik a can. A 1979 aka naɗa shi shugaban jami'a, ya riƙe muƙamin har 1982. A waɗannan shekaru aiki uku ke wuyansa: jami'a, da ONERSOL, da aji.

Da ya sauka daga shugabancin jami'a bai ajiye alli ba. Da ya bar ONERSOL a 1985 ma haka. Ya ci gaba da koyarwa har ƙarshen ransa. Sunansa ya kai nesa. Hukumar UNESCO da wasu ƙasashe sukan nemi shawararsa a kan ƙarfin rana. Ɗalibansa da yawa sun zama malamai da injiniyoyi a Nijar da Mali da sauran ƙasashe.

9. Rasuwarsa da abin da ya bari

Abdu Mumuni Joffo ya rasu a Yamai ran 7 ga Afrilu 1991, yana da shekara 61. Aka kai shi Kirtashi, garin iyayensa, aka rufe shi. A 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. A 1998 aka sake buga littafinsa, don waɗanda aka haifa bayan fitowarsa su karanta. An kuma keɓe ranar rasuwarsa, 7 ga Afrilu, don tunawa da aikin ƙarfin rana da makamantansa.

Bayansa ilimi ya ƙara gaba. Faifan rana mai mai da haske lantarki, wanda a zamaninsa sai mai hali, ya yi araha. Yanzu ana ganinsa a kan rufin ɗakuna, a asibitocin ƙauye, a bakin rijiyoyi, a lambunan albasa. A 2018 aka buɗe tashar lantarkin rana a Malbaza, cikin jihar Tawa, mai ƙarfin megawat 7. A 2023 aka buɗe ta Goru Banda, kusa da Yamai, mai megawat 30. Hanyar ba daidai take da wadda ya fi bincike ba, gama shi zafin rana ya fi aiki da shi. Amma manufar ɗaya ce.

Har yanzu da sauran aiki. Gidaje da yawa da itace suke girki. Ƙauyuka da yawa ba su da lantarki. Yara da yawa ba su shiga aji ba, wasu kuma suna karatu da harshen da ba su ji. Abdu Mumuni ya fara daga benci a Damagaram, kamar kowane yaro. Ya nemi ilimi har ƙarshensa, ya komo da shi gida, ya dubi abin da ƙasarsa take da shi: ranarta da harsunanta. Wanda zai ɗora daga inda ya tsaya, wataƙila yau yana zaune a kan benci.

Ma'anar kalmomi

Fizik: ilimin haske da zafi da lantarki da motsi.
Lise: makarantar da ake shiga bayan kwaleji, kafin jami'a.
Tafinta: mai juya magana daga wani harshe zuwa wani.
Tururi: abin da ke tashi daga ruwa in ya yi zafi.
Wat: ma'aunin ƙarfi. Megawat ɗaya wat miliyan ɗaya ne.
Hamada: ƙasar da ba ta da itatuwa da ruwa, sai rairayi da duwatsu.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Abdu Mumuni, a wace shekara?
2. Mene ne sambol? Wace illa yake yi wa yara?
3. Me ya sa Gine ta rasa malamai a 1958? Me Abdu Mumuni ya yi?
4. Ku faɗi shawarwari uku da ya kawo cikin littafinsa.
5. Don me ake shafa wa abin zafafa ruwa baƙin fenti?
6. Me ya hana murhun rana yaɗuwa a ƙauyuka?
7. Shekara nawa ya yi yana shugabancin ONERSOL?

Aiki

Ku samo gwangwani biyu masu girma ɗaya. Ku shafa wa ɗaya baƙin tukunya, ku naɗe ɗaya da farar takarda. Ku zuba musu ruwa daidai wa daida, ku rufe, ku ajiye su cikin rana da hantsi. Bayan awa biyu ku taɓa ruwan. Wanne ya fi zafi? Ku rubuta abin da kuka gani da hausa, sa'an nan ku faɗe shi da faransanci.

Ku tambayi iyayenku mata inda ake samo itacen girki yanzu, da inda ake samo shi lokacin da suke yara. Ku kawo amsar aji.